Kujerar da Aka Ɗora wa Hula

A rumfar mai kyandir, bakin maƙabartar garin Uppsala, ranar da ake kunna wa mamata kyandir a kaburburansu, wata mata da wani tsoho suka kai hannu kan kyandir na ƙarshe.

"Baba, ni na riga ka."

"Bar mini, 'yata. Na Dagny Orrevik ne."

"'Yar fim ɗin nan mai kyawun ido?"

"Kin ji ko! Ido! Fim shida ta shirya da kanta, amma ido kawai kuka riƙe."

"To, yi haƙuri. Kai ne mijinta?"

"Ina! Ni ke ɗaukar mata hoton fim. Ranar da ta fara ba mu umarni, da lokacin shan kofi ya yi, mu maza goma sha biyu muka zazzauna, ba wanda ya matsa ya ba ta wuri. A tsaye ta sha nata, jikin ƙofa."

"Rana ɗaya ai ba komai."

"Shekara tara, yarinya."

"Har da kai?"

"Akwai kujera kusa da ni. Hulata nake ɗora wa kujerar."



"Ba ta taɓa cewa komai ba?"

"Sau ɗaya. Da ta tsufa na je gaishe ta, ta jawo kujera ta ce, 'Zauna, Torsten, tsayuwa da wuya.'"

Matar ta sakar masa kyandir ɗin.

"Ungo. Ga benci can, Baba, ka ɗan huta."

"Bar shi, 'yata. In na zo wurinta ba na zama."