Idanun da Suka Rage

A ɗakin jiran likitan yara, wata tsohuwa ta daɗe tana satar kallon yarinyar da ke zaune ƙiƙam kusa da ita, ko ƙiftawa sai da ƙyar. Da haƙurinta ya ƙare, ta taɓo uwar yarinyar.

"'Yar nan, ɗiyar taki kuwa tana numfashi?"

"Tana yi, Inna. Kwana uku ke nan tana haka. Ni mai zane ce, da shi muke ci. Ta hana ni aiki da ƙiriniya, sai na ce ta zauna in zana ta, amma kada ta motsa sai na gama."

"Kin iya dabara! Jikokina ko ɗaure su aka yi sai sun tsinke igiya. To, ki gama mana."

"Idanu ne suka rage. Sau bakwai ina gogewa. Duk wanda na zana, ba nata ke fitowa ba."

"Ke ma dai! Yarinya ce fa. Ki ɗiga ɗigo biyu ki ce an gama."

"Na yi hakan jiya. Ko wuya ba ta juya ba, ta ce, 'Umma, wannan ba ni ba ce. Wadda kike gani ce idan kina kallona.'"

Tsohuwa ta matso kusa. Ta rage murya.

"Wace ce ita ɗin?"

"Yarinya mai shiru, Inna, wadda za ta bar ni in yi aikina. Kullum ita nake roƙo. Ga shi an ba ni."