Ciwon yana wuya, mu muna kallon ƙafa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Garwa.

Ban gane abin da ke cin maigidana ba sai ranar da muka kai shi asibiti da karaya, likita ya bar ƙafar ya nuna wuyansa. Ya ce wasu 'yan ƙwayoyin nama ne da kowa ke da su a wuya suke aiki fiye da kima, suna zuƙe ƙarfin ƙashi zuwa jini, har ya zama tsakuwa a ƙoda. Mu kuwa yawan ƙishirwarsa mun ɗora wa zafin Garwa.

Likita ya ce a yi aiki a cire wadda ta kumbura. Maigida ya ce, "Hajara, wuƙa a wuya? Ni ragon Layya ne?" Na taya shi dariya. Kafin ya yarda, ƙodarsa ta gaza. Allah ya jiƙansa. Har yau ina cika kwanon shansa in ajiye masa gefen gado.

Yanzu ƙaninsa Sale yana fama da wannan ƙishirwar da tsakuwa, kuma ba ya rasa shirinka. Malam, don Allah me zan ce masa? Har yanzu bai je gwajin jinin da zai nuna ko ciwon yayansa ne ba.