Mutumin da Na Ƙi Buɗe wa Ƙofa

Ina gaishe ku, matan zumunta na gida, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rifkatu, Maman Iliya, wadda ta bi mijinta Jidda. Ku yi haƙuri da rubutuna, kun san ban yi nisa a makaranta ba. Roƙona ɗaya: a karanta wannan a taro, amma kada a tura shi a waya. Ba a san hannun da zai faɗa ba.

Kun san ni da zaman gida. A nan ma haka nake, daga kicin sai falo. Baban Iliya aikin lantarki yake yi, kamfani kan tura shi wajen gari, sai ƙarshen mako yake dawowa. A falonmu na unguwar Bani Malik 'yan'uwa kaɗan ke haɗuwa ranar Juma'a mu yi sujada a ɓoye, don ba a yarda da coci a ƙasar nan ba. Muna rufe taga, mu kunna na'urar sanyi, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa. Kowa da takalminsa yake shigowa ciki, don kada a ga tarin takalma a ƙofa. Kujerun roba kuma bayan labule nake jera su.

Haka zaman ya mai da ni. Ina gane takun kowa a bene. In na ji wanda ban sani ba, sai in leƙa ta ramin ƙofa.

Ana nan sai Iliya ya shiga faɗa a filin ƙwallo. Aka fasa wa wani yaro baki, 'yan sanda suka kwashe su duka, aka kai su gidan tsare yara. Wayyo, 'yan'uwa! Ɗana da ko kwanan gidan maƙwabta bai taɓa yi ba!

Babansa ya yi ta zirga-zirga har iyayen yaron suka yafe. Muka ce halas, an gama. Da zai koma wajen aiki, ya bar wa ma'aikatan gidan tsare yaran lambata. Muka zuba ido. Shiru, ba a sako Iliya ba.

Sai wata lamba ta fara kirana. Na ɗauka sau ɗaya, na ji namiji yana Larabci, kalmar da na tsinta kawai ita ce "gida". Na kashe wayar. Na ce a raina, an matsa wa yaron nan, ya faɗi abin da muke yi ranar Juma'a.

Bayan kwana biyu na ji baƙon taku a bene. Na leƙa ta ramin ƙofa, na ga wani cikin farar jallabiya, da wata mata a bayansa. Ya ƙwanƙwasa. Na kashe risho, na tsaya ko numfashi ba na yi, har suka tafi. Ya sake dawowa, na sake yin haka. Na tura Littafi Mai Tsarki cikin buhun shinkafa. Na aika wa 'yan'uwa kada kowa ya zo. Baban Iliya ma ban faɗa masa ba, don na tabbata ana sauraren wayarmu.

Wa ya kai ƙararmu? Tunanina ke nan safe da yamma. Na zargi mai baƙala, wato shagon kayan masarufi na ƙasan benenmu, don ya taɓa tambayata me ya sa nake sayen burodi da yawa ran Alhamis. Na zargi wata 'yar'uwa sabuwar zuwa, mai yawan tambaya. Amma wadda na fi zargi ita ce Hajiya Asabe, maƙwabciyata ƙofa da ƙofa. Bahaushiya ce haifaffiyar Jidda, mai sayar da waina. Ta san kowa, kuma na ji mutumin ya tsaya a ƙofarta suna magana.

Rannan da hantsi ta buga min ƙofa.

"Ke Maman Iliya, na san kina ciki, ina jin ƙamshin daddawa. Mutumin nan ke yake nema. Ya ce gobe ne zuwansa na ƙarshe."

Na ce ta bayan ƙofa, "Hajiya, me kika gaya masa?"

"Me zan gaya masa? Na ce maƙwabciyata tana nan, kurma ce ta ƙarfi da yaji. Haram alaiki, ki ji tsoron Allah! Ɗanki na can, ke kina nan kina wasan ɓuya?"

Ta tafi tana mita. Na koma kicin, na ga na zuba tuwo a kwanon Iliya ban sani ba. Na ajiye kwanon. Na durƙusa gaban risho ina kuka. Na ce, "Ya Yesu, na gaji da gadin gidan nan. Ban san mai gaskiya ba, ban san maƙiyi ba. Kai ka sani. In tarko ne, ka shiga tare da ni. In kuwa hanyar ɗana ce na toshe, ka ba hannuna ƙarfi ya buɗe."

Ban ji wata murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Tsoron ma bai tafi duka ba. Amma na tashi na share falo.

Washegari na ji takun. Na buɗe, ga mutumin da matar nan a tsaye. Hajiya ta shigo tare da su ba wanda ya gayyace ta, ta ce ita ce tafinta.

Matar ta ce in nuna mata inda Iliya ke kwana. Ta buɗe firij ta duba. Shi kuma mutumin yana neman wurin zama, sai ya ɗaga labule. Ga kujeru nan jere har kusan sama! Na ce yau tawa ta ƙare.

Ya zaro ɗaya, ya zauna a kai. Ya ce wani abu yana murmushi.

Na ce, "Hajiya, me ya ce?"

"Ya ce masha Allah, gidan baƙi ne."

Sai ya yi bayani, Hajiya na juya min. Ashe shi jami'in kula da yara ne na gidan da aka tsare Iliya. Ba sa sakin yaro sai sun ga gidan da zai koma da wanda zai kula da shi. Ya ce gadajensu a ƙidaye suke, abinci ma bisa yawan yara ake tsara shi tun farkon shekara, ga sababbi ana ta kawowa. Motar zagaye ɗaya ce, shi da abokan aikinsa suke karɓa-karɓa. Ya ce, "Ya Ummu Iliya, duk zuwan da na yi nan, wata uwa ce na hana ranarta. Ba ma son riƙe ɗanki. Gadonsa muke buƙata. Da yau ba ki buɗe ba, da na shaida cewa ba mu sami mai karɓarsa ba, sai ya ci gaba da zama."

'Yan'uwa, ashe ƙofar da ta tsare ɗana tawa ce!

Da suka fita, na kama hannun Hajiya na riƙe gam. Ta ce, "Sakar min hannu, ƙullu na jirana. Kuma ku daina wahalar da kanku da takalma. Tun shekarar da kuka tare nake jin waƙarku ta bango. Mai siririyar muryar nan dai a ce ta rage."

A makon nan Iliya ya dawo. Halleluya! Ya rame kaɗan, an yi masa aski, har ya koyo gyaran famfo a can. Na ja shi gefe na ce, "Me ka gaya musu a kan Juma'a?" Ya ce, "Mama, ba wanda ya tambaye ni. A ba ni tuwo don Allah, na gaji da shinkafa."

Yabo ga Ubangiji wanda ya fito da ɗana, ya kuma fito da ni. Ku da kuke gadin ranku da kanku, ku miƙa masa, ya fi mu gani. Har yanzu ina leƙawa ta ramin ƙofa, mai baƙalar nan ma ban gama yarda da shi ba. Amma yanzu in an ƙwanƙwasa, nakan kira sunan Yesu, in buɗe.

Amin.