Ƙafar da Waya Ba Ta Gani

A bencin jira na wani ƙaramin asibiti a wajen garin Klaten, wata dattijuwa ta ƙura wa naɗaɗɗiyar ƙafar tsohon da ke gefenta ido.

"Ciwon suga ne, Pak?" ta tambaye shi. Haka ake kiran namiji babba a can don girmamawa, mace kuwa a ce mata Bu.

"Shi ne, Bu. Amma nas tana kirana a waya duk mako. Ta hutar da ni kuɗin mota."

"Ta hutar da asibiti dai. Sun gano murya ta fi gado araha. Ta cikin wayar ta duba maka ƙafar?"

"Tana tambaya. Yarinya ce mai ladabi."

"Kai kuma ka ce me?"

"In ce lafiya lau mana. Mutum ya kira ka cikin girmamawa, ka tare shi da zancen ruɓaɓɓen yatsa? Ba tarbiyyarmu ba ce."

"Madalla. Ita ta rubuta ka warke, kai ka tsira da mutuncinka, yatsan ne kawai bai samu labari ba. Ni da hawan jinina, ko ta wuni tana kira ba na ɗauka."

"Saboda me?"

"Maƙwabciyata ta ɗauka, aka ce ta zauna a gida sai an neme ta. A hana ni zuwa nan, da wa zan yi hira? Da kaji?"

"'Ya'yanki fa, Bu?"

"Suna birni. Su ma ta waya suke duba ni."

"Ke kuma ki ce musu me?"

Ta kawar da kai.

"Me zan ce? Lafiya lau."