Shekarun da Baba Koci Ya Ƙi Yanke Mini

Da sunan Allah nake farawa. Aminci ya tabbata a gare ku baki ɗaya.

Malam Ayuba, shugaban ƙungiyar Hausawa mazauna Alƙahira, malamanmu da ɗaliban jami'a, dattawan unguwar Arba wa Nus da na unguwar Hayyin Ashir, wakilin kulob ɗin da marigayi ya taɓa yi wa aiki, ina gaishe ku bisa girmanku. Mama Nada, matar marigayi, da Afra 'yarsa, ku ya kamata in fara gaisarwa, amma a rubuce aka ba ni jerin aka ce in bi. Sai 'yan'uwana 'yan wasa da ke tsaye a baya saboda kujeru sun ƙare: sannunku da rashi.

Tarig, kai ke fassara wa Mama da Larabci. Na san halinka, kana son gyara wa mutum magana. Yau kada ka gyara. Yadda ta fito, haka za ka miƙa mata.

Sunana Iliya. Da Malam Ayuba ya ce ni zan yi magana a madadin 'yan wasa, mutum uku suka bi shi har gida suka ce ya sake tunani, wai bakina ba ya jin birki, kuma kowa ya san wata biyar kafin rasuwar Baba Koci ko gaishe shi ba na yi. Gaskiya suka faɗa. A kan wata takarda muka ɓata, wadda ya ƙi sa wa hannu. Wani ya sa mata hannu daga baya, kuma da ita zan je gwaji a wani kulob ranar Lahadin nan, gwajin 'yan ƙasa da shekara ashirin. Tana aljihuna yanzu haka. Zan zo kanta. Bari in fara da shi.

Sunansa Trevor Ashcombe. Masarawa na ce masa Kabtin, mu muka ce Baba Koci, har ya koyi amsawa da “na'am”. Bai taɓa zaunar da mu ya ba mu tarihinsa ba, ni na tono shi. A aji uku na sakandare na tsaya, Turancina kuwa tsintarsa na yi a tsofaffin jaridun da ake zubarwa a ofishin da nake yi wa shara a Dokki. Da wannan Turancin na bi tsofaffin rahotannin wasa a waya, kalma bayan kalma, har na haɗa mutumin.

Ya kasance ɗan wasan tsakiya a ƙananan rukunan Ingila, waɗanda ba a nunawa a gidan kallo. Ɗan ma'aikacin masaƙa ne daga wani gari na arewacin ƙasarsu. Shekara goma sha shida ya yi yana buga ƙwallo, kulob huɗu, wasa sama da ɗari huɗu, ƙwallo goma sha ɗaya a raga. Aikinsa shi ne ya ƙwace, ya miƙa wa wanda za a tafa wa, ya koma wurinsa. Sau ɗaya tak na ga sunansa a kanun labari, ranar da gwiwarsa ta tafi, yana da shekara talatin da uku.

Ya kasance mai horar da matasa shekara goma sha biyu bayan haka. Sau ɗaya aka ba shi babbar tawaga, kaka ɗaya aka kore shi. Sai ya zo Masar a matsayin mataimakin koci, wasa bakwai aka sallame shi, kuma ta bakin direba aka aika masa saƙon. Ranka ya daɗe wakili, na ga furannin da kuka aiko, sun yi kyau. Shi dai bai taɓa zaginku a gabanmu ba. Ni ne ban iya irin wannan haƙurin ba.

Da ya koma gida, da ba wanda zai ga laifinsa. Amma ya riga ya haɗu da Mama Nada, sai ya zauna. Wata Juma'a ya ratso ta bayan garejin nan na Arba wa Nus ya tarar da yayyenmu na buga ƙwallo a turɓaya, duwatsu ne turakun raga. Ya tsaya ya yi kallo, ya kasa daurewa, ya daka wa wani tsawa ya ce ya ɗaga kai. Daga ranar, shekara goma sha ɗaya, duk Talata da Juma'a bayan la'asar, yana nan. Mikrobas biyu yake hawa, ƙananan motocin hayan nan, da jakar riguna a kafaɗa, da gwiwar da ke kumbura kamar ƙwarya.

Ya kasance mutum mai Hausar kalma uku: waiga, saki, sannu. Waiga kafin ƙwallo ta zo maka, ka san wanda ke bayanka. Saki, kada ka riƙe ta kamar gadon ubanka. Sannu kuwa sai ya ga ka faɗi. Mu 'yan Gusau da Kano, da 'yan Damagaram, da Hausawan Sudan, kowa na son bugawa da nasa, shi kuwa sai ya cakuɗa mu da gangan, ya haɗa ka da wanda kuka yi faɗa jiya. Ranar da aka tsare Tarig kan takardar zama, shi ya wuni a bencin ofishin 'yan sanda da Larabcinsa mai karaya har aka sako shi. Tarig, wannan ma ka fassara, ba kunya ba ce.

Yanzu ga nawa.

Shekara uku ke nan da na fara zuwa filin. Ya tambaye ni shekaruna, na ce goma sha shida. Kada kowa ya yi mini kallon mamaki. Rabin waɗanda ke tsaye a bayan can shekaru iri biyu gare su, na gida da na ƙwallo, kuma tun daga gida manya suka koya mana cewa ba a zuwa gwaji da na gida. Baba Koci bai duba gemuna ba, bai nemi fasfo ba. Ya bari sai da aka tashi, muna shan shayi, ya tambaye ni cikin hira wace gasar kofin duniya na fara gani. Ni kuwa a taɓo mini ƙwallo, shi ke nan. Na ce ta Afirka ta Kudu, ta dubu biyu da goma. Na ba shi labarin ƙahonnin nan masu ƙara, na ba shi labarin gidan kallon unguwarmu, har na yi alfaharin cewa ni ke zuba wa janareto mai idan an tafi hutun rabin lokaci. Ya ƙirga da yatsu a hankali, ya ce lallai ni jarumi ne, yaro ɗan shekara huɗu da galan ɗin fetur. Ya yi dariya har da tari. Ranar Juma'a ya sa ni a tsakiya, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Bana wani dillalin 'yan wasa ya zo da gurbi ɗaya na gwaji. Abin da ake buƙata kawai wasiƙar koci, mai cewa ya san yaro kuma shekarunsa goma sha tara. Na kai wa Baba Koci wasiƙar a rubuce, da murmushi, ya sa hannu kawai. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce zai rubuta wa Kamilu, wanda shekarunsa goma sha takwas ne na gaskiya, ni kuwa ba zai rubuta mini ba.

Mama, ki ji abin da na gaya wa mijinki a gaban mutane. Na ce shi Bature ne, an haife shi da takarda a hannu, bai san abin da ake nufi da a ce ƙofa ta rufe maka tun kafin ka sami kuɗin motar zuwa wurinta ba. Sannan na ɗauko abin da na karanta a kansa, abin da na sha wahalar tonowa saboda ƙaunarsa, na jefe shi da shi. Na ce wanda ya ci ƙwallo goma sha ɗaya a shekara goma sha shida, wanda aka kora ta bakin direba, ba shi zai tare mini hanya ba.

Ya dube ni ya ce, “Goma sha biyu. Ɗaya a ragarmu na zura.”

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, “Wurin nan na wani ne, Iliya. Kai kana ganin fili fiye da yadda kake buga shi. Zo ka tsaya kusa da ni ka koyi horarwa.”

Zagi na ɗauke ta. Wata biyar ina zuwa filin ina wuce shi kamar turken lantarki. Shi kuwa bai fasa ba, daga bakin layi sai in ji, Iliya, waiga. Ina jin sa, ina waigawa, amma ban taɓa ce masa sannu ba. Ina cewa a raina sai na sa hannu a kulob, in zo in nuna masa, sannan mu shirya.

Ranar Talatar da ya rasu muna fili muna jiransa, muna tsokanar cewa Bature ya koyi lattin Alƙahira. A lokacin yana kwance a matattakalar gidansa, jakar rigunanmu a kafaɗarsa. Zuciya ce, in ji likita.

Afra, mahaifinki ba shahararre ba ne, kuma mu muka cinye miki Juma'o'insa tun kina ƙarama. Ba mu da abin mayar miki. Amma ki sani akwai mutum sama da ɗari, a nan da Kano da Omdurman, waɗanda in suka ji an ambaci Ingila, ba manyan kulob suke fara tunawa ba, wani tsoho mai ɗingishi suke tunawa. Mama, ke kika wanke rigunan nan shekara goma sha ɗaya. Shi ya tafi ban roƙe shi gafara ba, kuma wannan ba ta gyaruwa. Ke ce nan, ke nake roƙo.

Kwana goma sha biyu ke nan ina jayayya da shi a raina, kuma har yanzu ina jin haushinsa, kada ku zaci na zama waliyyi. Ina jin haushin cewa an haife ni inda ba mai zuwa kallon yaro sai ya tsufa. Ina jin haushin cewa wanda ya fi kowa sanin ina da ƙafa shi ne ya ce a'a. Amma na juya maganarsa ta kowace fuska ina neman ƙarya a ciki, irin yadda na saba yi wa maganar kowa, ban samu ba.

Dillalin yana nan a layi na uku, ba zan kira sunansa ba. Wakilin kulob ma yana ji. Tarig, wannan ka faɗa da ƙarfi. A dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da takwas aka haife ni. Shekaruna ashirin da bakwai. Ranar Lahadi ba zan je ba, kuma na san bayan yau ba wanda zai sake kira na gwaji a garin nan. Kamilu, ban san ko za su ba ka gurbin ba, ba ni ke rabawa ba. Abin da na sani shi ne na tashi daga kai.

Mun gode wa Malam Ayuba da bai saurari mutum ukun nan ba, ko da yake wataƙila yanzu yana nadama. Mun gode wa mai wannan zauren, da matan da suka dafa shayi, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo.

Baba Koci ya koma ga Mahaliccinsa, wanda ya fi mu sanin abin da ya yi a turɓayar nan, kuma a hannunsa muka bar shi. Allah ya ba Mama Nada da Afra haƙuri, ya tsare su, ya sa kada su nemi mutane su rasa. Allah ya rufa wa 'yan'uwana asiri a wannan baƙunta, ya buɗa musu ƙofar da ba sai sun rage kansu za su shiga ba. Ni kuma ku sa ni a addu'a. Daga nan zan kira mahaifiyata a Gusau, wadda ta gama gaya wa maƙwabta cewa ɗanta zai fito a talabijin. Shekaruna ba sai na gaya mata ba, ita ta yi naƙudar. Sauran maganar ce ban san ta inda zan fara ba. Allah ya ba ni bakin faɗa, ya ba ta zuciyar ji. Amin.