Ba Na Sauro Ba Ne

A tashar jirgin ƙasa ta Tianhe, a ƙasar China, wani dattijo ɗan kasuwar Maraɗi ya ji wata budurwa ta gama waya da Hausa, idonta jajir. Ya nuna raket ɗin da ke cinyarta, wani abin buga ƙwallo mai raga.

"'Yata, wannan na kashe sauro, ina batirinsa?"

"Na tanis ne, Baba. Sana'ata ce."

"To me kike sayarwa?"

"Ƙwallo nake bugawa, in na ci a biya ni."

"Kin ci?"

"An cinye ni. Mahaifina ya ce in tattara in dawo gida, wasa ya ƙare."

"Ni dai ban gane ba. Amma tunda kin gama, sayar mini in kai wa laoban, mai masana'anta, samfur."

Ta rungume raket ɗin a ƙirjinta.

"Wa ya ce na gama, Baba?"