Ɓawon Ƙwai a Ƙofar Ofishina

Assalamu alaikum. Shugaban kwamitin makaranta, Allah ya ƙara girma. Shugabar makaranta, malamai tsofaffi da sababbi, tsofaffin ɗalibai da na ga wasunku har sun fara furfura, sannunku da zuwa. Hajiya maiɗakin marigayi, 'ya'yansa, da ƙaninsa da ya taso daga nesa, Allah ya ba ku haƙurin rashi.

An zaɓe ni in yi magana don na fi kowa daɗewa tare da shi, shekara ashirin da shida. Da kwamiti ya san abin da na zo da shi, ina jin da wani ya zaɓa.

Ya kasance malamin Turanci, amma ba irin wanda zai cika allo da rubutu ya ce a kwafa ba. Ya kasance in zai koyar da kalma, sai ya ɗauko abin da hannunsa ya shigo da shi aji. Mun ga tsani, mun ga kwaɗon ƙofa, mun ga tsohon takalmi. Amma wanda ya bi shi har kabari shi ne ɓawon ƙwai. Kullum da safe sai ya tsaya wurin mai shayi a bakin makaranta ya karɓi na jiya, ya wanke, ya shanya a tagar ɗakin malamai. Muka riƙa ce masa Malam Ɓawo. Ni na raɗa masa sunan, kuma ba don ƙauna ba.

Waɗanda suka zauna a ajinsa sun san darasin. Yakan ɗaga ɓawon ya ce, "Turawa kalma ɗaya suke da ita ga wannan abu, amma sun aike ta wurare da yawa. Fenti mai fari-fari wanda ba ya ƙyalli sosai, da sunansa suke kiransa. Kofin tangaran marar kauri da haske ke ratsawa, shi ma haka. In kuwa suna zaune da mai saurin fushi, kowa yana lallaɓa bakinsa, sai su ce a kan wannan ɓawo ake tafiya." Daga nan sai ya baza shi a ƙasa, ya ce kowa ya cire takalmi ya tsallaka ba tare da an ji ƙaras ba. Ga likita can tana murmushi, ita ma ta taka. Ban taɓa jin wanda ya manta kalmar ba.

To, jama'a, ga abin da ya kawo ni.

Shekarar da kujerar shugaban makaranta ta zama babu kowa, suna biyu aka kai gaban kwamiti, nawa da nasa. Wata Litinin da safe na zo buɗe ofis, sai na tarar da farfasasshen ɓawon ƙwai a jere a bakin ƙofata. Ban tsallaka ba. Zuciyata ta ce asiri ne, kuma wa ke da ɓawon ƙwai a makarantar nan? Na tara malamai, na nuna shi da yatsa a gaban kowa na ce, "Malam, ba da tsafi ake neman kujera ba."

Ya dube ni, ya dubi sauran, ya ce, "Haba abokina, ɓawo ne fa. Ɓawon ƙwai ne kawai."

Babu wanda ya tashi ya tsaya masa. Mu goma sha tara muka sa hannu a takardar ƙorafi, mu masu ilimi, mu da muke koya wa yara su yi bincike kafin su yanke hukunci. Na sami kujera. Shi kuma aka cire shi daga aji, aka kai shi ɗakin ajiyar littattafai yana kaɗe ƙura.

Bayan kwana tara Inna mai shara ta same ni a ofis, ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce fa. Ajin Malam na sharo ranar Juma'a, kwandon ya ɓule a bakin ƙofarka, sai aka aiko 'yata tana naƙuda, na tafi ban kwashe ba."

Takardar naɗina tana cikin aljihuna a lokacin. Na ce, "Inna, tashi ki je, maganar ta wuce." Kuma ban sake ɗaga ta ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗakin nan har ya yi ritaya. Ya kasance bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba. Ya kasance yana shanya ɓawonsa a tagar ɗakin, ɗalibai suna zuwa wurinsa lokacin tara, yana koya musu a tsaye a tsakanin kwalaye. Ina hangensu daga ofis, sai in ja labule.

Da ya kwanta a asibiti, na sayi kiret ɗin ƙwai na je, na rantse a raina yau zan faɗa masa. Ya rame ƙwarai. Ya ga abin da na riƙo, ya yi dariya ya ce, "Shugaba, ƙwai ka kawo? To ka ce wa Hajiya kada ta zubar mini da ɓawon." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fito. Bayan mako uku aka ce ya rasu.

Hajiya, na san irin kallon da aka riƙa yi miki a gidajen suna da na biki. Ke kuma babbar 'yarsa, na san dalilin da ya sa aka sauya miki makaranta a tsakiyar zango, ni na sa hannu a takardar. Ku ji daga bakina, a gaban waɗanda suka ji ƙaryar daga bakina: mahaifinku bai taɓa yi wa kowa asiri ba. Inna tana da rai, ga ta can zaune a layin baya, ku tambaye ta. Ina roƙon kwamiti, in za a raba wannan jawabi, kada a cire ko layi ɗaya, kuma a liƙa kwafi a kan waccan takardar ƙorafi da har yanzu take cikin fayil ɗinsa.

Na gode wa kwamiti, na gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo, na gode wa Hajiya da ta zauna ta ji ni har ƙarshe. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowace kalma da ya koyar ta zama sadaka mai gudana, ya albarkaci bayansa. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini, don ban roƙe shi gafara ba lokacin da yake iya amsawa.